Namun Dawan Bangui da Mutanen Kilomita Biyar

Ranar Lahadi, 10 ga Oktoba 2010, manyan ƙwallon ƙafa biyu na arewacin Afirka suka sha ƙasa a hannun waɗanda ba a ko sa su a lissafi. A Yamai, Mena ta Nijar ta ci Masar ɗaya mai ban haushi ta ƙafar Moussa Maazou, alhali Masar ɗin ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Wannan labari Hausawa sun san shi, domin a ƙofar gidansu aka yi. Ɗayan ne bai iso kunnenmu yadda ya kamata ba. A wannan ranar dai, a birnin Bangui da ke bakin kogin Ubangi, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta lallasa Aljeriya da ci biyu da nema.

Sai mutum ya san ratar da ke tsakanin ƙasashen biyu sannan zai gane girman abin. Wata huɗu ke nan da Aljeriya ta buga gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu, inda ta riƙe wa Ingila wuya aka tashi babu ci. Kafin ta je can ma sai da ta taka Masar a Omdurman cikin Nuwamba 2009, a wasan da ya kusa raba zumuncin ƙasashen biyu. Ita kuwa Afirka ta Tsakiya, har zuwa watan Agusta na 2010 tana ta 202 a jerin hukumar FIFA, can ƙasan takarda, tare da 'yan tsibiran da jama'arsu ba ta kai ta ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ba. Ba ta taɓa leƙa gasar kofin Afirka ba. Sau da dama ba a ma kaiwa ga doke ta, da kanta take janyewa daga wasannin neman gurbi saboda rashin kuɗi ko rikicin cikin gida.

Wata guda kafin zuwan Aljeriya, 'yan wasan ƙasar, waɗanda ake yi wa laƙabi da Namun Dawa, sun je Rabat sun hana Maroko ci, aka tashi canjaras. Mai horar da su, wani dattijon Bafaranshe mai suna Jules Accorsi, ya haɗa yaran gida da suka ɗauki kofin CEMAC na ƙasashen yankin tsakiyar Afirka a Bangui a ƙarshen 2009 da waɗanda ke neman abinci a ƙananan ƙungiyoyin waje. Aljeriya kuma ta iso da sabon koci, Abdelhak Benchikha, wasansa na farko ke nan. Aka shafe kusan minti tamanin ana gumurzu ba wanda ya ga ragar wani. Sai Audin Boutou ya buɗe, kafin baƙin su dawo hayyacinsu Hilaire Momi ya ƙara ta biyu. A riƙe sunan Momi. A lokacin yana buga wa Coton Sport ta Garwa a arewacin Kamaru, kuma za mu sake haɗuwa da shi.

An yi wasan ne a filin Barthélemy Boganda, wanda mutanen gari ke kira filin kujera dubu ashirin. Ƙasar Sin ce ta gina shi, aka buɗe a 2006. Daga ƙofarsa zuwa Kasuwar Kilomita Biyar 'yar tafiya ce a kan babur. Dalilin da ya sa nake ganin wannan tarihi ya shafe mu ke nan, ba don ƙwallon kaɗai ba. Unguwar Kilomita Biyar, wadda ake taƙaitawa PK5, ita ce matattarar Musulmin Bangui, kuma Hausawa na cikin tsofaffin mazaunanta.

Faransawa ne suka kafa Bangui a 1889 a matsayin sansani. Tun kafin ƙafarsu ta zauna, fataken Hausa sun riga sun san hanyar yammacin ƙasar. Ta Adamawa suke bi, daga Yola zuwa Garwa zuwa Ngaundere, su sauka Kunde, garin da Lamiɗon Ngaundere ke da iko a kansa, daga nan su gangara kudu. Suna kai tufafi da kanwa da shanu, su komo da hauren giwa da goro, daga baya kuma da roba. Da mulkin mallaka ya kafu, Turawa suka riƙe tsakiyar Bangui wajen bakin kogi, 'yan ƙasa da baƙin Afirka aka tura su gefe. Daga tsakiyar gari ake auna nisan ko'ina, saboda haka unguwar da ta tashi a kan kilomita na biyar ta ci wannan suna. A nan Bahaushe da Babarbare da Bafillace da Balaraben Chadi da mutanen Senegal da na Mali suka kafa rumfuna, suka gina masallatai, suka yi auratayya da 'yan ƙasa. Jikokinsu suka tashi da Sango a bakinsu, harshen da duk ƙasar ke ji.

Kasuwar ta bunƙasa har ta zama uwar kasuwannin ƙasar. Manyan motoci kan ɗauko kaya daga tashar ruwan Duwala, su keta iyaka a Garwa-Bulai, su bi ta Bouar, tafiyar da ta haura kilomita 1,400, su sauke a nan: atamfa da shadda, siminti da kwanon rufi, sukari da fulawa, kayan gyaran mota da na babur, talabijin da janareta. Duk ranar da Kilomita Biyar ta kwana a rufe, kashegari farashi ya tashi a sauran kasuwannin Bangui. Amma da duk wannan, Musulmin ƙasar, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jama'a, sun daɗe ana yi musu kallon baƙi. Mai suna Usmanu ko Aliyu idan ya je neman katin shaida, akan nemi ya kawo takardun uba da na kaka, abin da ba a nema wajen maƙwabcinsa. A irin wannan ƙasa, ranar da tawagar ƙwallo ta ci nasara tana da wani nauyi na dabam, domin rana ce da ba a tambayar mai riƙe da tuta takardar haihuwar kakansa.

Namun Dawa ba su samu zuwa gasar kofin Afirka ta 2012 ba. Maroko ce ta wuce da maki 11, su suka ƙare da 8, daidai da Aljeriya. Ga ƙasar da a da ba ta ma gama wasanninta, wannan ci gaba ne. Kafin lokacin, ƙwallon kwando ne abin taƙamar Bangui. Ta ɗauki kofin Afirka a gida a 1974, ta sake ɗauka a Tunis a 1987 bayan ta doke Masar a wasan ƙarshe, da taurari irin su Anicet Lavodrama da Fred Goporo waɗanda suka goge a jami'ar Houston Baptist ta Amurka. Ƙwallon ƙafa dai ƙanen baya ne, sai a wannan ƙarnin ya fara ɗaga kai.

Da aka yi ƙuri'ar neman gurbin gasar 2013, sai aka haɗa su da Masar, gida da waje, wanda ya faɗi ya fita. Masar na cikin mawuyacin hali. A ranar 1 ga Fabrairu 2012 mutane fiye da saba'in suka mutu a filin wasa na Port Said, aka soke gasar cikin gida baki ɗaya, aka kuma hana 'yan kallo shiga filaye. Kocinta a lokacin Ba'amurke ne, Bob Bradley, wanda ya fara suna a ƙwallon jami'a, ya horar da Princeton daga 1984 zuwa 1995. A ƙasarsu babu labarin da ake adanawa kamar na ƙaramar makaranta da ta kayar da babba. A ƙwallonsu mai kama da zari-ruga, manyan jami'o'i kan biya ƙanana kuɗi su zo a doke su a farkon kaka don a motsa jini. Haka Michigan, tana ta biyar a ƙasar, ta biya Appalachian State dala 400,000 a ranar 1 ga Satumba 2007, a gaban 'yan kallo sama da 109,000. Baƙin suka ci 34 da 32, suka tare bugun ƙarshe da zai ƙwace musu nasarar. Har yau Amurkawa na maimaita hoton wannan wasa, an rubuta littattafai a kansa. Abin da ya sami Bradley a Iskandariya bai gaza wannan ba ko kaɗan, sai dai masu nasarar ba su da gidajen talabijin da za su riƙa tuna wa duniya.

Ranar Juma'a ce, 15 ga Yuni 2012, jajibirin zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Masar. Kujeru wayam, sai jami'an tsaro da 'yan jarida. Accorsi ya riga ya ajiye aiki kan albashin da yake bi, wani ɗan ƙasa, Hervé Lougoundji, ya karɓi riƙo. Ba a daɗe da farawa ba Mohamed Zidan ya ci wa Masar. Momi ya farke. Kafin a tafi hutu alƙalin wasa ya ɗaga wa Salif Kéïta jan kati, baƙi suka koma su goma. Dawowa daga hutu ke da wuya, wani yaro da ya cika shekara ashirin a wannan ranar, Mohamed Salah, ya mayar da Masar gaba, biyu da ɗaya. Duk wanda ya san ƙwallo ya san abin da ke biyo bayan irin haka: ƙaramar tawaga, a gidan wani, mutum ɗaya ya fita, an kuma sha gabanta sau biyu. Abin da ya rage shi ne a ja baya a tare ƙofa don kada cin ya yi muni. Ba su yi haka ba. Momi ya sake farkewa, ya zama biyu da biyu. Bayan 'yan mintuna David Manga ya zura ta uku. Suka riƙe sauran minti ashirin da mutum goma har aka hura tashi.

Ranar 30 ga Yuni Masar ta zo Bangui tana neman ci biyu. Foxi Kéthévoama ya fara jefa mata ɗaya, Emad Moteab ya farke a zagaye na biyu, aka tashi kunnen doki. Jimilla huɗu da uku. Ƙasar da ta ɗauki kofin Afirka sau bakwai ta fita tun a zagayen farko na share fage.

Akwai masu cewa Masar ce ta kayar da kanta, tunda 'yan wasanta sun yi wata huɗu ba gasa. Da gaskiya a ciki. Kowane babba da Namun Dawa suka kayar ya zo musu ne da ɓaraka a gidansa. Amma ɓaraka ba ta cin ƙwallo da kanta, sai an sami wanda zai shiga ta cikinta. Wannan tawaga ta shekara uku tana tare. Kyaftin Eloge Enza-Yamissi yana Troyes a Faransa, mai tsaron gida Geoffrey Lembet yana Sedan, Kéthévoama ya yi Hungary ya wuce Kazakhstan, Momi ya bar Garwa ya koma Le Mans. Ba tauraro ko ɗaya da duniya ta sani, amma kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. A watan Oktoba 2012 FIFA ta sa ƙasar a matsayi na 49. Daga 202 zuwa 49 cikin shekara biyu da 'yan watanni, sa'a kaɗai ba ta yin wannan.

Saura tsani ɗaya su hau, Burkina Faso. A Bangui cikin Satumba suka ci ɗaya da nema ta ƙafar Vianney Mabidé. Ranar 14 ga Oktoba a Wagadugu, Manga ya ci tun da wuri. Alain Traoré ya farke, Moumouni Dagano ya ƙara da bugun fenariti. A haka, biyu da ɗaya, Afirka ta Tsakiya ce ke da tikiti saboda ƙwallon da ta ci a waje. Minti casa'in ya cika suna riƙe da shi. Cikin mintunan da aka ƙara, wajen na shida, Traoré ya sake ci. Burkinar nan ce ta je har wasan ƙarshe a Johannesburg ranar 10 ga Fabrairu 2013, inda Sunday Mba ya ci wa Najeriya ƙwallon da ta ba Stephen Keshi kofi. Mu a nan muna ta murna, kaɗan ne cikinmu suka san cewa daƙiƙu ne suka hana mutanen Bangui zuwa wannan gasa.

Wata biyu bayan Wagadugu, a ranar 10 ga Disamba 2012, gamayyar 'yan tawayen Seleka ta taso daga arewa maso gabas. Akasarin mayaƙanta Musulmi ne, har da sojojin haya daga Chadi da Sudan. Ranar 23 ga Maris 2013 Namun Dawa suna Cape Town suna wasan neman gurbin kofin duniya da Afirka ta Kudu, aka ci su biyu da nema. A daidai wannan ranar sojojin Afirka ta Kudun suna bakin Bangui suna fafatawa da Seleka, inda aka kashe musu mutum goma sha uku. Kashegari birnin ya faɗi, Shugaba François Bozizé ya tsere, jagoran Seleka Michel Djotodia ya naɗa kansa shugaba. Wasan ramuwa da Afirka ta Kudu a watan Yuni sai a Yawunde aka buga shi. Daga nan tawagar ta fara zaman aro.

Dole a faɗi gaskiyar abin da Seleka ta yi. Ta yi kisa, ta yi fyaɗe, ta wawashe gidaje da majami'u, kuma Kiristoci da masu addinin gargajiya ne suka fi ɗanɗanawa. Ɗan kasuwar Kilomita Biyar bai aike ta ba, amma da ramuwa ta tashi a kansa ta sauka. Da asubahin 5 ga Disamba 2013 mayaƙan Anti-balaka, waɗanda suka taso don ramuwa kan Seleka, suka afka wa Bangui, Seleka ta mayar da martani gida-gida, cikin 'yan kwanaki aka kashe ɗaruruwan mutane. Faransa ta sauke dakarunta na Sangaris. Da Djotodia ya yi murabus ranar 10 ga Janairu 2014 Seleka ta janye, sai aka bar Musulmi farar hula a fili. Aka bi su unguwa-unguwa, ana ƙona gidaje, ana kwashe kwanon rufi da ƙofofi, ana rushe masallatai. Ayarin manyan motoci ya riƙa ficewa zuwa Chadi da Kamaru, mutane a saman kaya. Najeriya da Nijar da Mali da Senegal suka aika jirage suka kwashe nasu, ciki har da waɗanda a Bangui aka haife su, ba su taɓa taka ƙasar kakanninsu ba. Daga Musulmi sama da dubu ɗari da ke birnin, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar ba su fi kimanin 15,000 ba. A watan Maris 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce masallatai 417 cikin 436 na ƙasar an lalata su.

Unguwar ta koma kurkuku ba rufi. Wanda ya ƙetare iyakarta zuwa asibiti ko banki ya sayar da ransa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar maƙabarta. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, kusa da filin jirgin sama, wadda a lokacin take hannun Anti-balaka. Sama da shekara biyu mutanen Kilomita Biyar ba su iya kai gawa can. A yi wa mamaci wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, sannan a haƙa masa a tsakar gida ko wani kango a cikin unguwa. Sai a watan Fabrairu 2016, bayan dattawan ɓangarorin biyu sun ƙulla yarjejeniya, aka sake buɗe hanyar.

A duk shekarun nasarorin nan, daga Aljeriya zuwa Masar, mutum ɗaya ne ke shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar, Patrice-Édouard Ngaïssona. Ɗan kasuwa ne, ɗan majalisa, na hannun daman Bozizé, ya hau kujerar hukumar a 2008, ya kuma riƙe ministan matasa da wasanni na ɗan lokaci a farkon 2013. Da yaƙi ya ɓarke, shi ne ya fito ya kira kansa babban mai tsara harkokin Anti-balaka na ƙasa. Wato mutumin da ke zama a rumfar manya ranar da duk Bangui ke ihu da murya ɗaya, shi ne ya zama jagoran waɗanda suka yi wa Kilomita Biyar ƙawanya. Bai bar kujerar ƙwallon ba. A watan Fabrairu 2018, a Casablanca, wakilan hukumomin ƙwallon Afirka suka zaɓe shi cikin kwamitin zartarwa na hukumar ƙwallon nahiyar, CAF, duk da ƙorafin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Wannan abin kunya ne ga ƙwallon nahiyar, kuma bai kamata a manta da shi ba. A watan Disamba na wannan shekarar aka kama shi a Faransa bisa sammacin kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, aka miƙa shi Hague a Janairu 2019.

Filin Boganda ya sake ganin wata rana ta haɗuwa, amma ba ta ƙwallo ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar duk da gargaɗin masu tsaro, ya je babban masallacin Koudoukou, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi. Daga nan ya wuce filin wasan don addu'ar bankwana. Wasu samarin unguwar suka bi hanyar da suka daɗe ba su taka ba har filin, jama'ar da ke wurin suka tarbe su da tafi. Bayan 'yan watanni aka zaɓi Faustin-Archange Touadéra, malamin lissafi kuma tsohon shugaban jami'ar Bangui, a matsayin shugaban ƙasa. Sauƙi ya fara samuwa, amma 'yan kasuwa suka sami kansu da sabon ciwo. Ƙungiyoyin sa-kai da suka tashi da sunan kare unguwa suka koma karɓar haraji a kan kowace rumfa da kowace motar kaya. A ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwar suka ce sun gaji, suka ɗauki makamai suka yi arangama da su, aka kashe mutane fiye da talatin, shaguna suka ƙone. Daga nan ne 'yan sanda da dakarun MINUSCA na Majalisar Ɗinkin Duniya suka samu shiga unguwar sosai.

A cikin wannan hali aka kai ga wasan da 'yan Najeriya suka fi tunawa. Ranar Alhamis, 7 ga Oktoba 2021, filin Teslim Balogun a Legas, neman gurbin kofin duniya na Qatar. Najeriya tana ta 34 a duniya, ta ci wasanninta biyu na farko. Baƙin suna na 124, maki ɗaya tak gare su, kuma CAF ba ta amince da filinsu na Bangui ba, a Duwala suke karɓar baƙi. Kocinsu Raoul Savoy, ɗan Suwizalan, ya jera mutanensa a baya ya ce a jira. Yaran kocin Najeriya Gernot Rohr, ba Wilfred Ndidi a tsakiya, suka yi ta zagaye da ƙwallo, suna cilla wa Victor Osimhen ta sama, ana mayar musu. 'Yan kallo suka fara tsaki. Minti casa'in ya yi babu ci, kowa ya haƙura da canjaras. Sai aka dako wata doguwar ƙwallo daga bayan baƙi, irin wadda ɗan baya kan share ba tare da ya yi tunani ba. William Troost-Ekong da Leon Balogun duk suna wurin, ba wanda ya kawar da ita. Wani da ya shigo canji, Karl Namnganda, ya kutsa tsakaninsu, ya sami kansa daga shi sai mai tsaron gida Francis Uzoho, ya ajiye ta a raga. A lokacin yana buga wa Les Herbiers, ƙungiyar rukuni na huɗu a Faransa. Rabon da a ci Najeriya a gida a wasan neman gurbin kofin duniya tun 1981, da Aljeriya ta yi mata biyu da nema a Legas ɗin nan. Shekara arba'in cif.

Bayan kwana uku aka sake haɗuwa a Duwala, Balogun da Osimhen suka ci, Najeriya ta rama biyu da nema. Afirka ta Tsakiya ta ƙare a ƙarshen rukunin da maki huɗu. Amma ƙwallon Namnganda ta yi aikinta. Daga ranar aka daina yarda da Rohr, a watan Disamba aka sallame shi, a watan Maris 2022 kuma Ghana ta hana Najeriya zuwa Qatar a Abuja.

A gidajen kallo na Kano da Zariya an yi ta faɗa a kan wannan wasa, kuma duk faɗan a kan namu ne: wane ne ya yi sakaci, me ya sa koci bai canza wane ba. Ban ga laifin haka ba, kowa nasa ya sani. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki waɗanda suka ci mu tamkar wasu ne daga bayan duniya, alhali a babban birninsu akwai unguwar da ake ciniki da Hausa, ake kiran salla, ake ɗaura aure da goro. Bahaushen Kilomita Biyar yana da hujjar son tawagar da Ahmed Musa ke wa kyaftin a lokacin. Yana kuma da cikakken haƙƙin yin tsalle da ƙwallon Namnganda, domin ƙasarsa ce ta ci, ƙasar da aka haifi ubansa, wadda ya ƙi bari lokacin da barinta ne hanyar tsira. Waɗanda suka zauna cikin ƙawanya suna binne 'yan'uwansu a tsakar gida sun biya kuɗin zama 'yan ƙasa fiye da duk wanda ya taɓa tambayar su takarda.

Har zuwa gasar 2025 Namun Dawa ba su taka gasar kofin Afirka ba. Sun sake matsowa kusa a 2023. Suka ci Madagaska gida da waje a watan Maris, Louis Mafouta yana ta zura ƙwallaye. Ranar 7 ga Satumba a Kumasi, nasara kan Ghana za ta kai su. Mafouta ya fara ci, Mohammed Kudus ya farke kafin hutu, saura minti biyu a tashi Ernest Nuamah ya ci ta biyu. Yawancin wasannin da ake kira na gida a waɗannan shekaru a Kamaru ko Maroko suka buga su, nesa da mutanen da suka cika fili ranar da aka kayar da Aljeriya.

Shari'ar Ngaïssona ta fara ne a watan Fabrairu 2021, tare da ta Alfred Yekatom, wani kwamandan Anti-balaka da ake kira Rambo. Cikin abubuwan da aka yi shari'ar a kansu har da harin 5 ga Disamba 2013 a Bangui da Boeing, da kashe 'yan kasuwa Musulmi a kasuwar Boeing, da rushe masallacin unguwar. Ranar 24 ga Yuli 2025 alƙalan matakin farko suka same su da laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama, ciki har da kisa, da korar jama'a daga muhallinsu, da tsananta wa Musulmi saboda addininsu. Aka yanke wa Yekatom shekara 15, tsohon shugaban hukumar ƙwallon kuma shekara 12.